Shekarar da Garkar Baba Ta Zama Birgi

Na san abin da kuka ji. Kun ji shi a gidan suna, kun ji shi a zaman makoki, wataƙila ma daga bakin 'ya'yan kawunku Idi: wai uwarku ta tone garkar ubanta don ta ciyar da barorin mijinta. Ban taɓa tanka wa maganar ba, domin a lokacin aiki ya sha mini kai. Yanzu da gwiwa ta ƙi ni, ido kuma ya fara hazo, na ga gara ku ji daga bakina yadda abin ya kasance, sannan ku auna da kanku.

Da ubanku Sidi ya rasu, ku ya bar mini, sai filin buga birgi, wato tubalin gini, da ke bayan gari. Birgin ƙasa muke yi, muna sayar da azarar goriba da tabarmin rufi, wani lokaci da 'yan buhunan siminti idan kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo daga kudu. Dangi sun zaci zan sayar da filin da na fita takaba. Ban sayar ba, saboda akwai mutane a cikinsa. Babbansu Malam Mamman ne, Ba'adare, wanda ya zo Agadas cin rani tun yana saurayi, ubanku ya riƙe shi har ya yi aure a nan ya manta hanyar garinsu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai abu ya kai abin dariya. Akwai kuma Akhmudu, Ba'abzine dogo, wanda ya taso yana aikin gishiri a Tegidda kafin ya dawo cikin gari. Shi ke kora jakuna, shi ke kawo ruwa da ƙasa. Sauran kuwa wasu Zabarmawa ne, wasu 'yan gari, kowa da harshensa, amma da Hausa ake faɗa, da Hausa ake shiryawa.

Ku ba za ku tuna da safiyar filin nan ba, kun yi ƙanana. Kafin rana ta yi zafi an kwaɓa ƙasa, ƙafafu sun yi ja har gwiwa. Sai ka ji ƙarar akwatin katakon da ake zuba ƙasar a ciki, wanda muke kira mul, yana bugun ƙasa, a ɗaga, a matsa gaba, a sake bugawa. Akhmudu yana zagin jakinsa da Tamashek, Zabarmawa suna yi masa dariya, butar shayi tana kan garwashi a gindin bagaruwa. Da azahar in aiko da ƙwaryar tuwo daga gida, duk su zauna a kewaye da ita. Ubanku bai bar mini wasiyya a kansu ba. Na dai ga yadda yake yi: ko da damina, da ba a buga birgi, ba ya sallamar kowa. Sai ya nemo musu gyaran katanga ko saran azara, har rani ya dawo.

Sai fari ya zo. Telwa, ƙoramar da ke kawo mana ruwa daga duwatsu, ta yi shiru damina guda, muka ce baɗi. Baɗi ta zo, ba ta motsa ba. Tabkin da muke ɗiban ruwan kwaɓi ya tsattsage. Makiyaya suka riƙa shigowa gari a ƙasa, babu ko akuya a bayansu, suka kafa 'yan bukkokin tabarma a gefen unguwar Dagmanet. Mutumin da na sani da garken raƙuma na gan shi zaune a bakin kasuwa ya ja rawani ya rufe har ido, don kada a gane shi. Wa zai yi gini a irin wannan shekara? Jakunanmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A bakin pompo mata ne ke kwana a layi da tuluna, ba mai fuskar da zai je ya ce a ba shi ruwan kwaɓa ƙasa. Ana cikin haka wata safiya rediyo ya ce sojoji sun karɓi mulki. Ba mu san ko mu yi murna ko mu ji tsoro ba. Abin da muka gani dai shi ne kamiyoyin hatsi sun fara isowa, soja na tsaye da bindiga ana rabon jar dawa, kowa kuma ya rage murya a kasuwa.

A wannan lokacin ne motoci suka fara zuwa daga Arlit neman ma'aikata. Can ana haƙar ma'adini, ana gina gari sabo, ana ba da albashi da abinci da takalma. Filayen birgin da ke kusa da namu duk suka watse. Maƙwabcinmu ya sallami nasa mutanen da bakinsa, ya ce kowa ya nemi inda Allah zai ci da shi. Ni kuwa na ce nawa su zauna. Na sayar da sauran siminti da azarar da ke magaza, ɗakin ajiyarmu, na sayi hatsi, ƙwaryar azahar ba ta fasa zuwa ba ko da rana ɗaya. A zatona na gama abin da ya kamace ni. Suna zuwa da safe kamar kullum, su zauna a gindin bagaruwa, su ci, su tashi. Ban lura ba cewa dariya ta ƙare a wurin, sai ranar da Malam Mamman ya yi sallama a zaure, ya tsuguna, ya ƙi karɓar tabarma.

"Uwargida, na zo ban kwana ne a madadinmu duka. Motar Arlit za ta tashi ran kasuwa."

Na ce, "Malam Mamman, tuwon ne ya gaza?"

"Tuwo bai gaza ba, Allah shi saka miki. Amma mu maza ne. Mu zauna wuni guda hannu bushe, mu jira ƙwaryar matar da mijinta ya rasu, tana da marayu? Wallahi lomar ba ta wucewa. Jiya ɗiyata ta tambaye ni mi nike yi a wurin aiki, na rasa abin ce mata."

"To me zai tsayar da ku?"

Ya ɗaga kai ya dube ni, abin da bai saba yi ba. "Ruwa. Ki samo mana ruwan kwaɓi, ko ba mai saye mu buga mu tara. In akwai aiki ba mai son barin iyalinsa ya tafi garin da bai san kowa ba."

Ruwa kuwa wuri ɗaya na san yana nan, a garkar kakanku da ke bakin Telwa. Ina so in tsaya in faɗa muku yadda garkar nan take, domin babu wanda ya rage da zai faɗa muku. Da ka tura ƙyauren kaba ka shiga, sanyi ne zai fara tarbar ka. Dabinai a jere a gefen rijiya, rumman a bayansu, sai fangalin albasa da alkama da tumatir. Sa ne ke jan guga, yana tafiya yana dawowa, ruwa na bin 'yan hanyoyin da Baba ya tsaga da hannunsa. A nan na koyi tafiya. A nan Inna take shanya tumatir, mu kuma muna satar ɗanyen dabino har cikinmu ya yi ciwo. Bayan rasuwar Baba garkar ta zama tawa da yayana Idi, shi ke noma ta. A shekarar farin san ya riga ya mutu, rijiya ta ja baya ƙwarai. Idi da hannu yake ja, abin da ke taruwa kuma da ƙyar yake isar itatuwa bayan an ba masu zuwa neman na sha. Ruwan ba zai ishi itace da birgi ba. Dole ɗaya ya haƙura.

Bayan la'asar na tafi gidanmu na tsohon gari. Inna tana zaune a tsakar gida tana tsince tsakuwa daga cikin jar dawar rabo, Idi yana gyaran igiyar guga. Na faɗi abin da ya kawo ni ban yi kwana ba. Idi ya ajiye igiyar.

"Rakiya, kin san abin da kike faɗa? In hana dabinon Baba ruwa, in ba laka?"

Na ce, "Yaya, ba laka za ka ba ba. Gidaje ne a bayan mutanen nan. In suka tafi, filin Sidi ya mutu, yaran nan kuma ba su da wani abin."

"Barori ne fa. Yau suna nan, gobe wani ya ƙara musu sun tafi. Dabino ba ya tafiya ko'ina."

"Malam Mamman ne ya wanke Sidi. Akhmudu ne ya haƙa kabarinsa. Ban san sunan da za ka kira su da shi ba, ni dai na san abin da na gani."

Inna ba ta ɗaga kai daga faifanta ba. Ta daɗe tana tsinta, sannan ta ce, "Ubanku da ya dasa itatuwan nan, ni na riƙe masa guga. Ba wanda zai ji zafinsu kamar ni. Idi, ruwan nan in ka ba su, za su kai damina?"

Idi ya ce, "Manyan za su iya kaiwa. Allah ne masani."

"Mutanen fa, in an ba su?"

Idi ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari ya aiko a gaya mini ya yarda, bisa sharaɗin in bar masa rabona na gidan tsohon gari, kuma kada in sake kiran sa zuwa garkar har abada. Aka yi haka a gaban liman da mai unguwa. Ku riƙe wannan da kyau: ban ƙwace wa kawunku komai ba, shi ma bai cuce ni ba. Musanya muka yi, kowa da hawaye a ido.

Motar Arlit ta tashi da mutum biyu daga cikin namu, samari marasa iyali, na kuma sa musu albarka. Sauran suka ɗauko mul da felu, wato shebur, suka nufi garka, domin babu jakunan kai ruwa fili, dole a kwaɓa a can da ƙasar garkar kanta. Dokar da na kafa ɗaya ce: ruwan farko na masu sha ne. Matan Dagmanet su cika salkunansu, sannan abin da ya taru bayan haka a kwaɓa. Da babu jaki, Akhmudu ya ɗaura igiyar guga a ƙugunsa yana bin hanyar da san yake bi. Ranar farko da felu ya shiga fangalin albasa na juya baya, na kasa kallo. Amma kafin azahar na ji ƙarar mul, na ji wani Bazabarme yana tsokanar Akhmudu wai ya fi san ƙarfi amma san ya fi shi hankali, aka kwashe da dariya. Ranar sun cinye tuwon tas har suna neman ƙari. Malam Mamman ya koma gida da laka har gwiwa, bai wanke ba sai da ya ratsa kasuwa.

Rumman ne ya fara tafiya. Ganyen ya yi rawaya ya zube cikin 'yan makonni. Dabinai sun jure, sun jure, sannan kawunansu suka fara sunkuyawa. Inna ta sa aka kai ta sau ɗaya. Ta zagaya da sandarta tsakanin layukan birgi, ta dafa kututturen babban dabinon da ke bakin rijiya, ta ce a mai da ita gida. Ba ta sake zuwa ba. Birgi kuwa ya yi ta taruwa babu mai saye, sai ɗan abin da makiyayan Dagmanet ke karɓa su tayar da ɗaki guda, su biya da aikin hannu ko da addu'a. Akwai ranakun da nake tsayawa tsakanin matattun itatuwa da tulin birgi in ce a raina, Rakiya, anya ba Idi ne ke da gaskiya ba?

Wata hantsi motar soja ta tsaya a ƙofar garka. Mutanena suka saki felu, ni ma na tsorata, domin a lokacin ana bincikar masu ɓoye hatsi, kuma kowa ya san ana dafa babbar tukunya a gidana. Wani laftana ya sauko, yaro ne siriri, ɗan kudu. Ya dubi birgin, ya tambayi mai wurin. Aka nuna ni.

"Madam, magaza muke so mu gina ta hatsin taimako, buhuna suna lalacewa a rana. Na zagaye garin nan, kowa ya ce mini ma'aikatansa sun tafi. Ke yaya aka yi naki suka zauna?"

Kafin in buɗe baki Malam Mamman ya ce, "Mon liyetna, aiki ta ba mu."

Ya ɗauki birgin duka, ya ce a ƙara. Ya tambayi azara kuma. Azarar goriba ta ƙare tuntuni, babu kamiyon da ke kawowa. Malam Mamman ya dubi dabinan da suka bushe, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ni na ce a sare. Ban bari wani ya faɗa a madadina ba. Idan kun taɓa shiga tsohuwar magazar nan kafin a rushe ta, kun tsaya a ƙarƙashin dabinon kakanku. Kada ku zaci mun yi arziki da wannan aiki. Biyan ya zo a makare, rabinsa ma da hatsi. Abin da ya yi mana shi ne ya kai mu damina muna tare.

Da aka gama rufin magaza, Akhmudu ya same ni a bakin rijiya. Ya rame, igiya ta yi masa kanta a ƙugu. Uwarsa da ƙannensa mata suna cikin bukkokin Dagmanet, dabbobin danginsu duk sun ƙare. Ya gyara rawaninsa.

"Uwargida, zan tafi Libiya. Ban so in tafi kina cikin tsanani ba, shi ya sa na jira."

Na ce, "Akhmudu, aiki ya fara dawowa. Zan ƙara maka. Zan yanka maka fili a nan ka yi ɗaki, ka kawo uwarka, mu nema maka mata."

"Na sani za ki yi. Amma uwata ba ta iya barci a cikin bango. Kullum tana tambayata yaushe za ta sake jin kukan raƙumi da asuba. Birgi zai ci da mu, ba zai maido mata garke ba. In na samu kuɗin raƙuma biyu zan dawo, wallahi nan zan fara sauka."

Na nemi abin da zan riƙe shi da shi na rasa. Malam Mamman ruwa ya nema, na samo masa. Abin da Akhmudu ke nema ba ya cikin rijiyata. Na daka masa gari da dabinon ƙarshe da Inna ta ɓoye daga garkar, na ɗaure masa shayi da sukari. Dukan mutanen fili suka raka shi tasha da laka a ƙafa. Ya hau saman kaya, ya zauna tsakanin jarkokin ruwa, bai ɗaga hannu ba, amma bai daina kallonmu ba har motar ta sha kwana.

Damina ta zo daga baya, Telwa ta cika har ta yi ambaliya, ruwa ya kwanta cikin ramukan da muka tona a garka. Yara suka yi ta wanka a inda alkama take fitowa da. Gini ya dawo garin da ƙarfi, kuma wannan karon masu neman birgi ƙofarmu suke bugawa, domin mu ke da hannu. Da wannan filin kuka yi lakwal, karatun boko, da shi na aurar da ku. Malam Mamman bai bar ni ba har tsufa ya zaunar da shi, kuma ko a lokacin yana zuwa da sanda ya zauna ya yi wa 'ya'yan ma'aikatan farko faɗa. A Agadas aka rufe shi. Kawunku Idi ya yi shekaru ba ya taka gidana. Ranar da Inna ta rasu muka haɗu a kan gawarta, ya riƙe hannuna, muka yi kuka, amma har ya bar duniya kalmar garka ba ta sake shiga tsakaninmu ba. Garkar kuma ba ta tashi ba. Ƙasar kirki ta tafi cikin bangon mutane, abin da ya rage tsakuwa ne. Har yau in na ga rumman a kasuwa sai in ɗauka in shinshina in ajiye, ba na iya saye.

Labarin Akhmudu sau ɗaya ya zo. Wani direba ya ce ya gan shi a Segedin, kan hanyar Libiya, motarsu ta lalace, suna jiran wata. Ya ce yana lafiya, ya kuma ce a gaishe da Uwargida da Malam Mamman, a ce musu ya kusa. Daga nan shiru. Uwarsa ta zauna a Dagmanet, muna kai mata hatsi, har ta rasu tana jira. Na tambayi direbobi, na tambayi 'yan ci-rani masu dawowa, na tambayi fatake masu zuwa Kawar. Wani ya ce ya ji mai irin sunan a Sabha, wani ya ce a'a, wancan gajere ne. Filin da na ce zan yanka masa na yanka, yana nan a kusurwar gabas ta tsohuwar garka. Shi ne wanda kuke ta cewa in sayar tunda wurin ya zama unguwa kuma ya yi daraja. Yanzu kun san dalilin da ya sa nake ƙi.

Na san shekarunsa, na san hanyar da ya bi, ban kuma rasa hankalina ba. Amma ban ga gawa ba, ban ji wanda ya gani ba. Don haka ga abin da nake roƙon ku. Idan bayan raina wani ya yi sallama, tsoho ko yaro, mace ko namiji, ya ce shi na Akhmudu ne mai jan guga, kada ku tsare shi da tambaya a zaure. Ku shigo da shi, ku ba shi ruwa, ku ɗora shayi. In ya huta, ku kai shi ku nuna masa filinsa, ku ce masa Uwargida ta jira.